Rantsuwar da Na Ƙi Yi a Kan Kwamfutar Iro

Duk cikinku babu wanda bai taɓa dawowa gida da wannan magana a kunnensa ba. Ke Hadiza, kina aji uku kika shigo kina kuka, wai wata yarinya ta ce an miƙa wa ubanki Alƙur'ani ya kasa dafawa. Na ce ki wanke fuska ki ci abinci, ban ƙara ko kalma ɗaya ba, kuma na san kin riƙe ni da wannan shirun har kika yi aure. Yarinyar gaskiya ta faɗa. An miƙo mini, ina da alwala, na mayar da hannuna baya a gaban alƙali da mutanen Daura. Dalilin ne ba ta sani ba, ku ma ba ku sani ba, kuma shi zan rubuta yau tunda wadda ta ɗaure mini baki ta riga mu gidan gaskiya. Ku ajiye wayoyin nan naku ku karanta a zaune.

Da rediyo na fara, shi ya sa har yau ake ce mini Hamisu Mai Rediyo. Daga rediyo na koma talabijin, da kwamfuta ta shigo gari kuma na bi ta da sukundireba da tsohon ƙamus na Turanci, babu wanda ya zaunar da ni ya koya mini. A shekarar da nake ba ku labari, wajen shekara goma da ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jiharmu, duk kwamfutar da ta yi tari daga Daura har Mashi shagona ake kawo ta. Sana'ar gyara amana ce zalla. Mutum zai ajiye maka abin da bai san cikinsa ba, ya juya baya ya tafi harkarsa, abin da ya bari a hannunka sunanka ne kawai ke gadinsa. Ina alfahari da wannan sunan, har ya yi yawa. Ina kuma da saurin fushi, wannan ba sai na gaya muku ba, kun sha.

Iro abokina ne tun muna yara, layi ɗaya muka tashi, shi ya yi mini babban aboki a auren Ummanku. Ɗaukar bidiyo yake yi. Da kiɗan biki ya ja baya sai ya koma ɗaukar tafsiri da saukar karatu da walima, ya gyara hoton a kwamfuta ya zuba a faifai. Azumi ne kakarsa, don tafsirin da aka yi yau dole faifansa ya fito gobe da hantsi, in ya kwana biyu ba mai nema. Da tsohuwar kwamfutarsa ta gaza, ni da bakina na ce ya je Kano wurin ƙanena Rabe. Rabe shi ne autan Inna, mahaifiyarmu. Ni na fara ɗora masa sukundireba a hannu, daga baya ya buɗe shagon haɗa kwamfuta a can, ya fi ni wayewa, ya fi ni baki. Ya haɗa wa Iro sabuwa mai ƙwaya huɗu.

Bari in yi muku bayanin wannan, don a kansa komai ya rataya. Ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda muke ce wa furosesa, ɗan ƙarfe ne da bai wuce faɗin kwalin ashana ba, ƙasansa cike da siraran ƙafafu kamar allurai. A cikinsa akwai ƙwayoyin da ke raba aiki a tsakaninsu, kamar mata a kan turmi: huɗu sun fi biyu saurin gama daka. Akwai wurin da ake buɗewa a allo a ga kowace ƙwaya da 'yar tagarta, wani koren zare yana hawa yana sauka a ciki. Iro ya mayar da tagogin nan huɗu abin nunawa. Duk wanda ya shiga shagonsa, ko tsohon da ya zo karɓar faifan jikansa ne, sai ya buɗe masa ya ce ya ƙirga. Rabin garin nan sun ga huɗun da idonsu, ni ma na gani.

Saura wata guda azumi aka kira shi saukar karatu a Dutsi. Masu saukar suna son a ba baƙi faifai kafin su watse, sai ya ɗaure kwamfutar a bayan babur da roba ya tafi da ita. A hanyar dawowa wani rago ya tsinke ya shiga gabansa. Shi ya tsira da ƙujewa a gwiwa, ita kuwa ta tashi sama ta dira da gefe a kan kwalta. Kai tsaye shagona ya zo da ita a rungume, yana ɗingishi.

Kuskurena na farko a nan na yi shi. Da baƙo ne ya kawo, da a gabansa zan kwance ta, in nuna masa abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya kafin ya tafi. Amma yaya zan ce wa Iro ya tsaya ya shaida kayansa? Zagi ne a tsakaninmu. Na ce ya je a wanke masa ciwo, ya bar mini ita. Da na buɗe na tarar gefen akwatin ya lotsa, fankar da ke kan ƙwaƙwalwa ta karye, ɗan batirin nan mai kama da kwabo ya fice daga gurbinsa yana yawo a ciki. Na buge lotsawar, na sa sabuwar fanka, na mayar da batiri, na kunna. Ta tashi lafiya lau, sai dai agogonta ya koma wata shekara ta can baya. Na gyara agogon, na ɗaure, na aika masa. Har na ce masa kwamfutar ta fi shi ƙashi.

Kwana biyu ya dawo da ita, fuskarsa ba walwala.

"Hamisu, aikin da take gamawa kafin azahar yanzu sai bayan la'asar. Buɗe ka ƙirga."

Na buɗe. Taga biyu.

Mako guda na yi a kanta, kuma ban taɓa yi wa wata na'ura hidimar da na yi mata ba. Na fara da wurin da ake iya taƙaita mata yawan ƙwayoyin da za ta tashi da su, na ga ba a taɓa shi ba. Na juye mata manhaja sabuwa fil, biyu. Na cire ram, wato 'yan falle-fallen da ke riƙe mata aikin da take kai, na goge na mayar, na canja akwatin wutarta da nawa, biyu. Sai na ce to buguwa ce ta lanƙwasa ƙafafun ƙwaƙwalwar. Na ciro ta, na juya cikinta sama, na zauna a bakin ƙofa inda rana ke faɗowa da gilashin masu gyaran agogo a ido, ina bin ƙafafun layi layi. Na sami uku da suka ɗan karkata, ko kuma idona ne ya so su karkata, na miƙe su da bakin allura ina riƙe numfashi. Na mayar, na kunna, biyu. Har sunan da take nunawa a allo ya canja zuwa na mai ƙwaya biyu, ni kuwa da wayona na ce ai buguwa ce ta sa ta manta sunanta, kamar wanda ya faɗo daga mota. Kwana bakwai ina kallon ƙasan abin nan. Ban taɓa goge farin man da ke shafe a samansa na karanta lambar da kamfani ya buga ba. Yatsa ɗaya da tsumma ya isa, ban yi ba.

Iro ya gaji, azumi ya matso. Ya ɗauke ta ya tafi Kano neman Rabe, aka ce masa ya tafi Ikko sarin kaya. Sai ya kai wa wani mai gyara a kasuwar. Wannan bai ɓata lokaci ba, ya goge man, ya karanta lambar, ya ce wannan ƙwaƙwalwa mai ƙwaya biyu ce tun daga kamfani, ba ta taɓa zama huɗu ba, wanda ya buɗe kwamfutar shi ya canja.

Bayan la'asar ya iso shagona, mutane na zaune a benci. Bai yi sallama da ƙarfi ba, bai kuma ɗaga murya ba. Da ya ɗaga ma da ya fi mini sauƙi.

"Hamisu, in matsuwa ce ta same ka, ai da ka gaya mini. Ka mayar mini da abina, maganar ta mutu a nan."

"Wane abu?"

"Ƙwaƙwalwar da ka cire. Ba wanda ya buɗe ta sai kai."

Zuciya ta ɗebe ni. Na miƙe na ce masa ni ya kalla ya kira ɓarawo, ni da na san shi tun ba shi da wando? Na faɗi maganganu a kan sana'arsa da ba zan maimaita muku ba. Dattawan da ke wurin suka ce a zauna a yi sulhu, na ce ba sulhun da zan yi da wanda ya zubar mini da mutunci a bakin shagona, in yana da gaskiya ga kotun shari'a can, ya kai ni. Ni na nuna masa hanyar kotun da yatsana. Kwana uku sammaci ya zo.

A zaman farko na roƙi alƙali ya ba ni dama in sake duba ta. Ya ce a ajiye kwamfutar a zauren mai unguwarmu, in duba a gabansa, kada in kwance ko ƙusa ɗaya. Haka aka yi. Da hantsi aka tayar da ɗan janareta, mai unguwa ya zauna a kan buzunsa yana jan carbi, ni ina gaban allo ba sukundireba a hannu. Rashin sukundireban ne ya sa na yi tunani. Sai agogon nan ya faɗo mini a rai. Batirin da ya fice ba agogo kaɗai yake riƙewa ba, shi ke riƙe duk saitin da aka yi wa babban allon cikinta, wanda ake shiga ta wani shuɗin shafi kafin ta gama tashi. In batirin ya fita, komai sai ya koma yadda kamfani ya sako shi. Ke nan akwai abin da wani ya saita da hannu, faɗuwar ta goge. Na shiga shuɗin shafin da ƙamus ɗina a cinya, ina bin layukan ɗaya ɗaya. Can ciki, a wani lungu da ban taɓa shiga ba, na tarar da layin da ke cewa a buɗe ƙwayoyin da aka kulle. A kashe yake. Na kunna shi, na sake tayar da ita.

Taga huɗu. Sunan da ke takardar sayen Iro ya dawo allo harafi da harafi.

Daɗin da na ji bai kai numfashi uku ba. Daga baya na fahimci yadda abin yake: akwai ƙwaƙwalwar da kamfani ke yi da ƙwaya huɗu, in biyu ba su cika inganci ba sai ya kulle su ya sayar da ita da araha a matsayin mai biyu. Wanda ya san dabarar yana iya buɗe su. Amma ko a lokacin na gane abin da ke gabana. Ba wanda ya canja komai. Ƙwaƙwalwar da ke ciki ita ce tun ranar farko, kuma mutum ɗaya ne ya sa ta, ya buɗe kullen, ya rubuta huɗu a takarda, ya karɓi kuɗin huɗu daga hannun abokin yayansa.

"Malam Hamisu, ka gano wani abu?" in ji mai unguwa. Daga inda yake ba ya ganin allon, ko ya gani ma ba zai bambance ba.

"Ranka ya daɗe, da saura."

Na koma shuɗin shafin na kashe layin da hannuna. Ta dawo biyu. Wannan hannun da kuke sumbata ranar salla, shi ya yi.

Na aika wa Rabe cewa Inna na nemansa, don na san in na ce ni ne ba zai zo ba. Ranar Juma'a ya iso cikin shadda mai maiƙo. Bayan an sauko masallaci muka zauna a tsakar gida, Inna tana ɓarar gyaɗa a faifai. Kun san Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ni ne ɗan fari, Mai Rediyo take ce mini kamar kowa. Na faɗi abin da na gani. Rabe bai ko musa ba.

"Yaya, kowa haka yake yi a kasuwa. Shekara guda tana yi masa aikin huɗu, me ya rasa? Da bai jefar da ita a titi ba har ta tsufa ba zai sani ba."

"To ka zo ka faɗi haka a gaban alƙali."

"In na faɗa an gama da ni a Kano. Wa zai ƙara sayen ko waya a hannuna?"

"Ni fa? Wa zai ƙara kawo mini?"

Inna ta ajiye faifan. Ba ta kalle ni ba, ƙasa take kallo.

"Kai Mai Rediyo, kai kowa ya san ka. Za a yi surutu kwana biyu a manta. Auta kuwa in suka kama shi hannunsa za su cire."

"Inna, ba a yanke hannu a kan irin wannan. Ha'inci ne, biya za a sa shi ya yi."

"Kai ne alƙalin? Ni dai na ji abin da ake faɗa a rediyo." Sannan ta ce, "Ban yafe ba in sunansa ya fito daga bakinka ina numfashi. Kai ka je ka rantse, ai ba ka ɗauka ba. Allah ya san ba ka ɗauka ba."

Na ji haushinta, na faɗa muku gaskiya, haushin da ban taɓa zaton ɗa zai ji na uwarsa ba. Amma na ga kamar ta bar mini ƙofa. Iro ba shi da shaidar da ya ga na canja, don haka rantsuwa za ta faɗo kaina, in rantse ban canja ba, shari'a ta ƙare, Rabe ya tsira, ni ma in tsira. Na kwana uku ina lallashin kaina da wannan.

Ranar zama kotu ta cika, har a tagogi mutane ne. Alƙali ya tambayi Iro shaida, ya ce ba shi da wanda ya gani da ido. Aka ce in yi alwala, na yi. Aka ɗauko Alƙur'ani a cikin gafakarsa. Sai Iro ya ɗaga hannu.

"Allah ya gafarta Malam, ina da roƙo. Shagonsa mutane na shiga suna fita. Kada ya rantse shi bai canja ba alhali ya san wanda ya yi. Ya rantse bai canja ba, kuma bai san yadda aka yi mai ƙwaya biyu ta shiga kwamfutata ba."

Alƙali ya ce roƙon ya yi daidai, ya maimaita mini lafazin a hankali, sau biyu. Rabin farko zan iya rantse shi a gaban Ka'aba. Rabi na biyu kuwa, da an tambaye ni kwana goma kafin nan, da na dafa da zuciya ɗaya na tafi gida. Ƙwarewata ce ta kashe ni. Da ban iya aikina ba, da ban zauna a zauren mai unguwa na bi layukan nan ba, da ban san komai ba. Ma'aikacin kotu ya miƙo Littafin har ya kusa taɓa ƙirjina. Na ji ƙanshin fatar gafakar. Na tuna Inna da faifan gyaɗarta. Na mayar da hannuwana baya na haɗa su.

"Allah ya gafarta Malam, ba zan rantse ba."

"Kana da abin da za ka faɗa wa kotu?"

"Babu."

Wani daga taga ya yi salati da ƙarfi. Alƙali ya ce tunda na ƙi, rantsuwa ta koma kan mai ƙara. Iro ya yi alwala ya dawo, ya ɗora hannunsa na dama, ya rantse da Allah cewa ƙwaƙwalwar da ke cikin kwamfutar nan ba ita ce ya kai shagona ba. Ina tsaye, tsakanina da shi bai fi taku biyu ba. Aka yanke in sa masa mai ƙwaya huɗu ta gaskiya. Na je Kano na sayo, ba a shagon Rabe ba, na sa a gaban mai unguwa, aka miƙo mini tsohuwar a takarda.

Inna ta ce kwana biyu za a yi a manta. Washegari mutane suka fara zuwa karɓar kayansu, wasu a kwance, ƙusoshi a leda. Wani shugaban makaranta da na yi wa aiki shekara shida ya zo da kwamfutarsa da alƙalamin fenti, ya ce in buɗe ya sa alama a kan kowane abu da ke ciki kafin ya bar mini. Na ce ya ɗauki kayansa. A masallacin layinmu ba wanda ya ce mini komai, sai dai na lura an daina ba ni ajiyar makullin akwatin lasifika. Kafin wani azumin na rufe shagon. Na koma bin kasuwannin Mai'adua da Mashi da jakar kayan aiki a bayan babur, ina gyara tocila da ƙaramin janareta da injin ban ruwa, irin aikin da mai shi ke tsaye a kanka har ka gama. Da shi na ciyar da ku, kuma shi ya sa kai Nura ba ka tafi makarantar da ka ci ba.

Ummanku sau ɗaya ta tambaye ni, tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"Malam, ka ɗauka?"

"Ban ɗauka ba."

"To me ya riƙe maka hannu?"

Na ɗauki jakar kayan aikina na fita, ba ta sake tambaya ba. Amma daga wannan shekarar, duk ranar da Rabe ya zo gidan nan, ruwa kawai take aika masa a kofin roba, ko da tukunya na kan wuta. Ban taɓa gaya mata komai ba. Matar nan ta fi alƙalin bincike.

Shekara goma sha ɗaya Inna ta ƙara a duniya. Na yi mata biyayya, na yi jinyarta, ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni ma haka. Duk tsawon lokacin ina ganin kaina a matsayin wanda aka zalunta, kuma ina jin daɗin wannan ganin fiye da yadda ya kamata. Tsohuwar ƙwaƙwalwar, da farko a gwangwanin madara na ajiye ta. Daga baya na samo babban allon cikin kwamfuta irin na Iro a wurin masu tsofaffin kaya, na ɗora ta a kai, na haɗa kwamfuta guda na tura ƙarƙashin gado, ita ce wadda nake hana ku taɓawa. Ina jiran ranar da zan kunna ta a gaban Iro in ga fuskarsa.

Mako biyu bayan an share makokin Inna na ɗaure ta a babur na tafi gidansa da hantsi, ina tafiya a hankali. Shekara goma sha ɗaya ba mu gaisa ba, in mun hango juna kowa ya canja layi. Na ji an ce ciwon suga ya kwantar da shi, ido na ba shi wahala. Na same shi a zaure a kan tabarma, ya rame. Ya gane muryata tun daga sallama. Na jona waya, na ba shi labarin duka, tun daga batiri har faifan gyaɗa. Sannan na kunna, na ce ga biyu. Na shiga shuɗin shafin na buɗe kullen, na sake tayarwa, na juya allon ya fuskance shi.

"Ƙirga, Iro."

Fuskarsa na kallon bango, gefe da allon.

"Hamisu, bara idon ya ƙarasa tafiya. Nawa ne?"

"Huɗu."

"To huɗu ne. Na yarda."

Abin da na jira shekara goma sha ɗaya ke nan, ya zo a kalma biyu, ban ji komai ba. Fankar na ta juyawa. Ya shiga shafa tabarma da tafin hannunsa na dama, gaba da baya.

"Ke nan ita ce na kai maka. Ita ɗin ce dai."

"Ita ce."

"Na dafa Alƙur'ani na ce ba ita ba ce."

"Ka rantse a kan abin da idonka ya gani, Iro. Malamai sun ce wanda bai sani ba..."

"Kai ka sani." Bai ɗaga murya ba, kamar ranar da ya zo shagona. "Kana tsaye a gefena. Ka tsare hannunka, ka bar nawa ya sauka. Ko tari ka yi, Hamisu, da na tsaya." Ya kai yatsunsa kan idanunsa. "Tun da abin nan ya fara nake tambayar kaina me na yi."

Na ce masa suga ne, likita ma ya faɗa, ba rantsuwa ba ce. Wallahi a duk shekarun nan ban taɓa kallon ranar kotun ta wannan gefen ba, ko sau ɗaya. Hannuna nake tunawa a bayana, ban taɓa tuna nasa ba. Na durƙusa a bakin tabarmar, ni da na zo a ba ni haƙuri, na ce ya yafe mini.

"Na yafe, kai ma ka yafe mini," ya ce. "Amma kashe ta ka fitar mini da ita daga gida."

Kafin damina ya rasu, ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. Na gaya wa Rabe zan rubuta wannan, ya ce in yi abin da na ga dama. 'Ya'yansa 'yan'uwanku ne, ku gaishe su, ba su suka buɗe kullen ba.

Ke Hadiza, ga amsar da ban ba ki ba ranar da kika shigo kina kuka. Ubanki bai ɗauki ƙwaƙwalwar kowa ba, kuma in an sake ce miki ya kasa dafa Alƙur'ani, ki ce haka ne, ba ya jin kunyar wannan. Abin da ke hana shi sukuni ba wanda ya taɓa yi masa gori a kai. Taku biyu ne tsakanina da Iro, na ga hannunsa yana sauka, ruwan alwala bai bushe a kansa ba, na yi shiru.